Dalar gyaɗa da 'yan aji ɗaya

Kowace shekara, a mako na biyu na zangon farko, nakan ba 'yan aji ɗaya jinga guda: su rubuta shafi biyu a kan abin da ya sa dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. Ba na ba da maki a kan wannan aiki, kuma tun farko nake gaya musu haka. So nake in ga guzurin da suka zo da shi daga sakandare kafin in ɗora musu wani abu.

Bana takarda ɗari biyu da 'yan kai na karɓa. Dare uku na yi ina dubawa bayan sallar isha'i, kuma tun ban kai ta talatin ba na san abin da sauran za su ce. Kusan kowa ya fara da bayanin mece ce gyaɗa. Daga nan sai tarihin dala a layi huɗu ko biyar, sai jerin dalilai: gano man fetur, sakacin gwamnati, ƙaurar matasa zuwa birni, rashin taki. Kowane dalili da sakin layinsa, kowanne tsayinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, kamar an auna da mudu. Sai a rufe da kira ga hukuma ta dawo da martabar noma. Rubutun hannu mai kyau, wasu har da ja wa kanun magana layi da rula. Yara ne masu ƙoƙari, kuma sun ba aikin muhimmanci. Amma a cikin takardun nan duka, waɗanda suka ce wannan dalili ya fi wancan nauyi, kuma ga abin da ya sa, ba su kai goma ba.

Wannan shi ne aikin da ke gabana na makonni goma sha biyu ko sha uku. Kwas ɗin na Turanci ne, irin wanda kowane sabon ɗalibi yake yi ko wane fanni ya zo karanta, saboda haka a ɗakin laccar akwai mai son zama likita, akwai mai karanta lissafin kuɗi, akwai ɗan tarihi. Mutane sukan ɗauka nahawu muke gyarawa. Muna gyarawa, amma ba nan ciwon yake ba. Ciwon shi ne yaro ya shekara shida a sakandare yana koyon cewa rubutu mayar da amana ne: an ba ka bayani a aji, ka adana, ranar jarrabawa ka mayar yadda aka ba ka, ba ragi ba ƙari. Wanda ya fi iya mayarwa shi ne na ɗaya. Sai ya zo jami'a a ce masa ya yi nazari, ya yi tsokaci, ya auna, alhali ba a taɓa nuna masa yadda ake yi ba.

Akwai abokan aikina da ke ɗora laifin a kan hadda, su ce yaran da suka tashi a makarantar allo sun saba da haddacewa, shi ya sa. Ban yarda da wannan ba. Ni ma ta allo na biyo, kuma na san abin da ke zuwa bayan sauka. A makarantar zaure ana karanta matani, malami ya kawo sharhi, ya ce a wannan mas'ala malamai sun yi saɓani, wane ya ce kaza ga dalilinsa, wane ya ce kaza ga nasa, amma abin da ya fi rinjaye shi ne kaza saboda kaza. Wannan fa shi ne ainihin abin da nake roƙon ɗalibaina su yi da biro. Kuma waɗannan yaran da suka rubuta mini jerin dalilai marasa gishiri, ka tsaya kusa da su wajen mai shayi da daddare ana gardamar ƙwallo. Za ka ji ana kawo shekara, ana kawo adadin ƙwallaye, wani ya ce ai wannan misalin bai shiga ba don lokacin ɗan wasan yana jinya, wani ya ce to kawo wani. Basirar tana nan. Takarda ce kawai suka ɗauka wuri ne da ba a gardama.

Sai kuma kunya, wadda ba na so in raba su da ita, iyakarta in nuna musu inda ba ta da hurumi. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya musu da babba. Idan ya ga magana a littafi, ko malami ya faɗa, to a wurinsa magana ta ƙare. Wani ɗalibi ya taɓa tare ni bayan lacca, ya rusuna ya ce, "Malam, wane ni in ce marubucin littafi bai yi daidai ba?" Na ce masa ba cewa na yi ka zage shi ba. Ka gaishe shi da girmamawa, ka faɗi abin da ya ce yadda ya faɗa, sannan ka tambaye shi hujja. In ya ba ka, ka karɓa.

A mako na uku nakan dawo da takardun, in tsaya gaban allo in tambaya: su wa suka ce man fetur ne ya kashe dalar gyaɗa? Hannuwa su tashi kusan duka. Sai in rubuta shekaru biyu. 1956, aka gano mai a Oloibiri. 1958, aka fara fitar da shi waje. Sannan in tambaya, yaushe dalar gyaɗa ta fi cika fili a Kano? Bayan 'yar muhawara mukan tsaya a kan shekarun 1960, lokacin da Nijeriya take kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai in ajiye alli in yi shiru.

Shirun nan yana da wuya, kuma na daɗe kafin in koyi jure shi. Da can nakan yi sauri in cike shi da amsa. Yanzu nakan bari ya kai minti guda ko fiye. Bana wata ɗaliba ce daga can baya ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ke nan an yi fiye da shekara goma ana haƙo mai kuma dalar tana nan." Na ce haka ne, to sai me? Ta ce, "Ke nan ba gano man ba ne. Sai dai wani abu da ya faru daga baya." Ajin ya ɗauki guna-guni. Wannan "ke nan" da ta faɗa sau biyu, ita nake nema tun farkon zango.

Daga nan sai mu shiga shekarun 1970 da ƙafar dama. Farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, wanda dattawa har yau suke ba da labarinsa. Tashin farashin mai a duniya a ƙarshen 1973, wanda ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, kuɗi suka kwararo, aikin birni ya fi na gona tsoka. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, wanda ake kira na Udoji, da ya biyo baya. Sai annobar 1975, cutar nan da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta tsumburar da ita, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye suke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya a damina ɗaya. Sai hukumar sayen amfanin gona, wadda ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje kuma ita ke yanka wa manomi farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986. Ba na ba su waɗannan don su haddace sabon jeri a madadin tsohon. Nakan ce: ga abubuwa biyar a kan allo, kowa ya zaɓi wanda yake ganin in da babu shi da labarin ya canza, ya rubuta jimla ɗaya tak, kuma dole jimlar ta ƙunshi kalmar "saboda".

Jimla ɗaya takan ci mana rabin awa. Wasu sukan rubuta "abubuwa da yawa ne suka jawo", in mayar musu. Wannan ba matsaya ba ce, mafaka ce. Babu wanda zai musa ta, kuma maganar da ba mai iya musawa ba ta buƙatar shafi biyu.

Amma inda darasin ya fi yi mini daɗi shi ne tambayar da kusan ba wanda yake yi da kansa: wai shin mece ce dalar gyaɗa? Kowa ya ga hoton, buhuna an jera su sun yi tsiri sama, mutane a gindinsu kamar tururuwa. Mun saba kallonta a matsayin alamar arziki, kuma haka ne. Sai dai buhunan nan jiran jirgin ƙasa suke yi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa don masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba a saya ba za a iya cinta, kuma ba ta gajiyar da ƙasa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga saye da tarawa. Gyaɗar kaka ɗaya takan fi ƙarfin taragon da ke akwai, dole a tara ta a fili, a irin su Ƙofar Mazugal, ta yi watanni kafin a kwashe zuwa Legas. Dala, ke nan, shaida ce ta abu biyu a lokaci guda: an noma da yawa, kuma hanyar fitarwa ɗaya ce ƙunƙuntacciya.

In ɗalibi ya gane wannan, tambayar da na ba shi tun farko sai ta rabe masa biyu. Ɓacewar dala daban, raguwar noman gyaɗa daban. Har gobe ana noman gyaɗa a Kano da Jigawa da Katsina da Bauchi, wanda ya shiga kasuwar Dawanau da kaka ya sani. Abin da ya canza shi ne inda take zuwa: injinan matsar mai, mata masu ƙuli-ƙuli da tunkuza, manyan motoci da ke ɗauka kai tsaye daga kasuwannin ƙauye. Ba mai saye guda ɗaya, ba jiran tarago, to me za a tara? Wani yaro mai karanta injiniya ya ce, "Malam, ashe tambayar taka ma da gyara." Na ce ƙwarai, kuma in ka rubuta mini shafi biyu a kan gyaran da take buƙata, ka yi aikin.

Kayan aikin da nake ba su ba su da yawa. Tambayoyi uku ne, nakan sa su rubuta a bangon littafinsu. Me kake cewa? Da me ka dogara? Wa zai musa, kuma me za ka ce masa? Don su zauna musu nakan kai su gaban alƙali. Kowa a ajin, Musulmi da Kirista, ya san yadda zaman shari'a yake: mai ƙara ya faɗi da'awarsa, a ce ya kawo shaidu, a ba wanda ake ƙara dama ya yi suka. Ƙa'idar fiƙihu ce sananniya cewa hujja tana kan mai da'awa. Alƙali ba ya karɓar "kowa ya sani". To mai karatu alƙali ne, kai ne mai ƙara, kuma abokin shari'arka ba ya nan, saboda haka adalci ya sa kai ne za ka faɗi maganarsa a madadinsa, da ƙarfinta, kafin ka amsa.

Akwai abu na huɗu da ya fi waɗannan wuyar koyarwa. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya yi bayaninsa a 1958 lokacin da ya rarraba sassan hujja, kuma shi ma daga kotu ya ɗauko misalinsa. Tsakanin da'awa da shaida akwai wata gada da marubuci yakan ɗauka kowa ya gani. Ɗalibi zai rubuta cewa fari ne ya durƙusar da gyaɗa, ya kawo shekarun farin, ya wuce abinsa. Sai in rubuta a gefe: gero da dawa ma sun sha farin nan, me ya sa aka koma nomansu gadan-gadan? A nan dole ya tsaya ya gina gadar. Wataƙila ya ce manomin da ya ga yunwa abinci zai fara shukawa kafin amfanin sayarwa. Wataƙila ya ce irin shuka ya ƙare a hannun mutane, ga cuta ta biyo baya kafin a farfaɗo. Ko wanne ya ɗauka, yanzu tunani yake yi, ba kwafe ba.

Game da gyaran takardu, na canza hanya shekaru kaɗan da suka wuce. Da nakan bi kowane layi da jan biro, kowane kuskuren nahawu sai na zagaye shi. Takarda ta koma wa mai ita jajawur, ya duba maki, ya ninke ya sa a jaka. Abin da ya koya shi ne Turancinsa ba kyau, kuma gara ya rubuta gajerun jimloli marasa haɗari waɗanda ba su ce komai ba. Yanzu a daftarin farko tambaya biyu ko uku kawai nake rubutawa, duk a kan ma'ana. Nahawu sai a daftari na biyu, shi ma nakan zaɓi kuskure iri biyu da ɗalibin ya fi maimaitawa. Na lura cewa yawancin jimlolin da suka karkace, tunanin da ke ƙarƙashinsu ne bai nuna ba. In mutum ya san abin da yake son faɗa, rabin karkacewar takan miƙe da kanta.

Da yake ajin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, nakan sa su musanya takardu, a rufe sunaye. Aikin mai dubawa ɗaya ne: ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da yake ganin ita ce matsayar marubucin. In ya rasa, ya rubuta "ban samu ba". Wannan kalma daga bakin tsara ta fi tawa tasiri nesa ba kusa ba. Kuma kafin su rubuta komai nakan ba su minti goma su yi gardamar da baki, uku-uku, da duk harshen da ya fi musu sauƙi. Wani gefe Hausa, wani gefe Yarbanci ko Tibi ko Fulatanci, wani gefe Turancin buroka. Akwai wanda ya taɓa ce mini wannan ɓata lokacin darasin Turanci ne. Ni abin da na gani shi ne wanda ya riga ya kare ra'ayinsa da harshen uwa, in ya zo rubutawa da Turanci fassara kawai ta rage masa, wanda kuwa bai yi ba yana fama da kaya biyu a kai ɗaya.

Tun ƙarshen 2022 da manhajojin da ke rubuta wa mutum muƙala suka bazu, wata sabuwar takarda ta fara shigowa: Turanci sumul, sakin layi a tsare, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma kowa a ciki. Ba na farautar masu yi. Nakan kira ɗalibi in ce ya karanta mini sakin layi na biyu, sannan ya gaya mini da bakinsa me ya sa ya fifita wannan dalili. In amsa ta gagara, mu duka mun gane, sai in ba shi mako guda ya sake. Haka batun ambaton madogara. In na fara da tsarin rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, sai su ɗauka wata ƙa'ida ce ta wahalarwa. In na fara da isnadi, wane ya ji daga wane, sai su gyaɗa kai, domin sun san maganar da ba a san mafitarta ba ba a gina hukunci a kanta.

Ɗalibar nan ta can baya ta same ni a ofis a mako na bakwai. Ashe kakanta ya yi dako a filin dala yana saurayi. Ta je gida hutun ƙarshen mako ta zauna da shi, ta rubuto shafi huɗu na abin da ya gaya mata: yadda ake hawa da buhu a ka ana taka buhunan ƙasa kamar matakala, yadda ake rufe dala da tamfol in damina ta kusa, yadda ƙwari kan shiga buhunan da suka daɗe. Ta ce, "Malam, wannan zai shiga a matsayin hujja, ko sai abin da ke cikin littafi?" Na ce zai shiga, amma ki gaya wa mai karatu abin da Baba ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin mutane, ki raba su. Ya san nauyin buhu da tsawon jiran jirgi. Farashin gyaɗa a Landan kuwa sai ki nema a wani wuri.

Daftarinta na biyu ya fara ne da cewa dalar gyaɗa ba noma kaɗai ya gina ta ba, tsarin saye da sufuri ne, saboda haka ta ɓace ne lokacin da fari da cuta suka rage amfanin da ake fitarwa, sannan kasuwar cikin gida ta shanye abin da ya saura. Babu bayanin mece ce gyaɗa. Ta kawo maganar masu cewa man fetur ne, ta ba ta haƙƙinta, ta nuna inda ta tsaya. Turancin yana da gyara a wurare da dama, kuma sakin layi na huɗu ya saki hanya ya shiga yabon kakanta. Na ja masa layi na rubuta a gefe: wannan yana da daɗin karatu, amma wace da'awa yake tallafa wa? Ta dawo da shi ranar Litinin ta rage shi zuwa jimla uku, ta kuma tambaye ni inda za ta samu alƙaluman gyaɗar da aka fitar tsakanin 1970 da 1976, domin ta ce tana so ta ga ko faɗuwar ta fara tun kafin annobar. Na rubuta mata sunan sashen da ake ajiye tsofaffin rahotannin gwamnati a ɗakin karatu, na ce ta tafi da katinta na ɗalibta don ba a barin a fita da su.